Ɗiyar da Yaya Hindatu Ba Ta Rubuta Ba

A gidanmu ni ce mai riƙon tarihi. Ba wanda ya naɗa ni. Na ga ba mai yi ne, sai na sayi littafi mai baƙin bango tun ina aji uku na sakandare, na riƙa bin tsofaffi da tambaya. Na san sunan kakar kakarmu da ta zo Illela daga Tozai a kan jaki, na san shekarar da Baba ya fara kai albasa Kwanni ta Nijar, na san wanda ya auri wa. Idan gardama ta tashi a kan wa ya girmi wa, sai a ce a kira Shahida da littafinta. Na faɗi wannan tun da wuri ne don a san irin mutumin da ya zauna ya rubuta kuskuren da zan ba da labarinsa, da biro shuɗi, da rubutu mai kyau.

Labarin na yayata ne, Hindatu Lawwali. Yanzu ta gama karatu, tana aiki da 'yan gudun hijira a gabashin jihar nan, har ana kiranta taro a Sakkwato ta yi magana a lasifika. Ita ta ce in rubuta. Ta ce kada in rage komi, ta kuma ce in tabbata na sa nawa kason.

Yaya Hindatu ce ɗiyar fari a ɗakinmu, saboda haka Innarmu ba ta taɓa kiran sunanta ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, kuma Inna ta riƙe ta da hannu biyu. Sunan Yaya a bakinta shi ne "waccan". Idan baƙuwa ta tambaye ta 'ya'yanta, daga Bashar take farawa, wanda ke bi wa Yaya. Ko magana ba ta cika yi mata kai tsaye ba. Yaya tana zaune taku biyu daga gare ta, sai Inna ta juyo wurina ta ce, "Shahida, gaya ma waccan tuwonta na hucewa." Haka muka tashi muka gani, kamar katangar gidan, har muka daina ganinsa.

Aikin jinya Yaya ta nema a jami'a, aka ba ta wani abu dabam. Ranar da takardar ta zo, Baba ya dawo daga kasuwa yana warin albasa, ya zauna a kan buzu ya ce ta karanta masa.

"Mi anka ba ki?"

"Soshiyal wok, Baba."

"Da Hausa."

"Taimakon mutanen da ke cikin matsala."

Baba ya daɗe yana kallonta. "Shi ma sai an yi shekara huɗu? Innarku na yi nai tun kahin a haihe ki, ko firamare ba ta ƙare ba."

Ya dai biya, ya kai ta tasha da kansa.

Duk hutun da ta dawo sai ta zo da sabuwar ɗabi'a. A shekarar farko ta hana mu cewa "bayin Allah" idan muna maganar masu neman taimako, wai sunansu "masu cin gajiya". A ta biyu ta koyo sauraro. Idan kana magana sai ta karkata kai, ta haɗa yatsu, tana cewa, "Mhm, ci gaba, ina jin ka." Idan ka ce mata kanka na ciwo, maimakon ta miƙo maka magani sai ta tambaye ka yaya kake ji game da ciwon. Bashar ya daina gaya mata komi. Ni kuwa burge ni take yi. A ɓoye nake gwada karkata kan a gaban madubi.

A daminar shekararta ta uku aka tura su koyon aiki, wanda suke kira firaktikal, ita ta roƙa aka turo ta gida. A lokacin 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka da dama a gabas da mu. Wasu mutanen sun tsallaka Nijar, wasu sun tsaya Illela, aka sauke su a wani tsohon sito a hanyar Amarawa. Wata ƙungiyar agaji ce ke kula da su, shugaban aikin kuwa Malam Junaidu, Basakkwace ɗan cikin gari, mai biro uku a aljihun gaba, wanda ko a cikin taɓo takalminsa ba ya ɓaci. Shi zai sa wa Yaya hannu a littafin firaktikal, shi zai ba ta maki. Ya ba ta wata riga marar hannu mai aljihu shida, ta ɗora a kan hijabi. Ranar farko har ɗakin Baba ta shiga da ita, wai ta je gaishe shi.

Rubutun Yaya tonon kaza ne, ita kanta ta sani. Ni kuwa na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, sai ta nemi a bar ni in riƙa cika mata fom. Ita ke tambaya, ni ke rubutawa. Fom ɗin yana da gurbin suna, da na gari, da na yawan 'ya'ya, sai wani gurbi a ƙasa: ko akwai wani daga cikin iyalin da ya ɓace a hanya. Wannan gurbin shi ne mai muhimmanci, don sunayen da aka samu a ciki ake tattarawa a aika wa ma'aikatan ɓangaren Kwanni, su duba cikin yaran da suka tsallaka ba tare da iyayensu ba.

A rana ta biyu wata mata ta zauna a gabanmu. Sunanta Saude. Ba za ta wuce shekara talatin ba, da goyo a bayanta, ga wani yaro ɗan shekara biyar ya riƙe gefen zaninta. An kashe mijinta a harin. Ba ta tare da kowa daga ƙauyensu, wani ayari ta biyo. A bayanta layi ne, har da maza, Malam Junaidu kuma yana tsaye a gefe yana duba agogo.

Yaya ta karkata kai. "Ɗiyanki nawa?"

"Ga su nan."

"Biyu ke nan. Sunansu?"

"Jabir. Na goye Attahiru."

"Shekara nawa da aurenki?"

"Damina goma sha huɗu."

"Akwai wani naki da ya ɓace a hanya?"

Saude ta dubi ƙasa. Ta gyara goyon da ba ya buƙatar gyara. Can ta ce, "Akwai wata yarinya da munka hito tare. Bakin gulbi munka rabu, ta bi waɗanda sunka yi arewa."

"Taki ta?"

"Ɗiyar mutane ta."

"Ta maƙwabta?"

Saude ta jawo Jabir jikinta.

Yaya ta yi mata bayani a hankali, da muryar da ta koyo, cewa gurbin na iyalin mutum ne kawai, iyayen yarinyar za su ba da sunanta a duk inda suke. Sannan ta juyo wurina ta ce, "Rubuta babu." Na rubuta "Babu". Na ɗauki rula na ja masa layi a ƙasa, don ya fito sosai.

Na san duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya riga ya gane. Mu ba mu gane ba. Ɗiyar fari ce ke tambaya, mai riƙon tarihin gida ke rubutawa, muka ce wa matar ta tashi, na gaba ya matso.

Daga ranar, kullum da hantsi Saude takan fita bakin titi inda 'yan kabu-kabu ke sauke mutanen da suka fito daga iyaka. Ba ta tambayar kowa komi. Tsayawa kawai take yi da goyonta, ta dubi duk wanda ya sauka, har rana ta take. Idan hadari ya taso ta raɓa jikin wata bishiyar dogon yaro. Yaya ta lura da ita, ta yi murna a ranta, don ta samu abin da za ta rubuta. Ta buɗe littattafanta ta gano sunan ciwon: firgicin da ke biyo bayan tashin hankali. Ta cika shafi uku a kan Saude. Ta ware mata lokaci kullum bayan azahar, ta zaunar da ita a kan benci tana koya mata jan numfashi.

"Ja a hankali. Riƙe. Saki."

Saude mace ce mai ladabi. Takan ja, ta riƙe, ta saki, ta ce, "Allah shi saka," gari na wayewa ta koma bakin titi.

Ana cikin haka aka aika da sunayen waɗanda suka ɓace. Ranar wata Asabar Malam Junaidu ya tara mutanen sito ya sanar da su abin da ɓangaren Kwanni suka ce: duk yaron da ba a samu mai nemansa ba zuwa Alhamis, za a kwashe su zuwa wani gari can cikin ƙasar, tafiyar yini guda daga iyaka, don bakin iyaka ba wurin ajiye yara ba ne. Daga can kuma neman yaro sai an bi ta ofis-ofis na ƙasa biyu. Saude tana cikin masu saurare. Ranar ba ta karɓi abinci ba. Yaya ta rubuta a littafinta: ƙin cin abinci, alama ta uku.

Washegari Lahadi, ranar kasuwar Illela, ba mu je aiki ba. Muna tsakar gida, Inna tana tsince wake a faifai, Yaya ta fara ba ni labarin yadda take ganin ci gaba a jikin Saude. Da ni take magana, amma don Inna ta ji take yi. Ta maimaita duk hirarsu ta farko da Saude, har da kwaikwayon murya.

Hannun Inna ya tsaya a cikin waken.

"Shahida, tambayi waccan. Matag ga, damina nawa tac ce ta yi da aure?"

"Goma sha huɗu," in ji ni, don ni na rubuta.

"Babban yaron da ke hannunta?"

"Shekara biyar."

"To shekara tara tana mi?"

Yaya ta ce, "Wataƙila haihuwar ce ta yi jinkiri, Inna. Akwai bincike da ya nuna…"

"Gaya mata ta aje bincike. Yarinyar da tac ce sun rabu bakin gulbi, ɗiyar wa tac ce?"

"Ɗiyar mutane."

Inna ta dube ni, ta ɗan dubi gefen da Yaya take, ta mayar da kanta kan faifai. "Ni in an tambaye ni waccan, ɗiyar wa nika cewa?"

Ni da Yaya muka dubi juna. Akuyar gidan ma ta daina motsi, ko kuwa ni ce na daina ji.

"Gaban maza kunka tambaye ta," in ji Inna. "Da layi bayanta. Ta gaya maku iyakar abin da bakinta ka iya hwaɗi, kunka ce ta tashi. Ku biyu, da karatunku. Ita wannan har da littahi."

Ita wannan ɗin ni ce.

Yaya ta miƙe za ta ɗauko rigarta mai aljihu, wai yanzu za ta je ta tambaye ta. Inna ta ce in gaya mata ta zauna. Idan ta je ta tsare matar da tambaya, ba abin da za ta samo sai ƙarin kunya. Ta ce gobe da safe ita za ta je, in Baba ya yarda. Baba da ya dawo ya ji, bai ce komi ba sai, "Shekara ukku," ya shige ɗaki.

Litinin da hantsi muka tafi mu uku. Inna ta dama fura a ƙwarya, ta ɗauki zani ɗaya daga cikin adakarta da sabulu, kamar mai zuwa jaje, don jajen ta je yi. A bakin sito ta ce in gaya wa waccan ta cire rigar nan ta zauna a waje. Haka Yaya ta zauna a kan wani bulo a bayan taga, da littafin firaktikal a cinya, ɗalibar shekara ta uku a jami'a, tana leƙe.

Inna ta sa aka kira Saude daga bakin titi. Suka zauna a tabarma a wani lungu inda ba maza. Gaisuwa kaɗai ta ci lokacin da mu muke cika fom huɗu. Aka yi ta'aziyyar mai gida, aka yi maganar ruwan bana, aka sha fura, Inna ta karɓi Attahiru ta yi masa wasa. Ni ina gefe da baƙin littafina, ƙafata ta yi sanyi. Sai can Inna ta ce, kamar abin ya faɗo mata ne kawai:

"An ce akwai ɗiyar mutane da kunka hito tare."

"Akwai."

"Allah sarki. Ni ma akwai wata ɗiyar mutane gidana, ga ta can bisa bulo. Ita taku, wane kama gare ta? Ko wani ya gane ta a hanya."

Saude ta ɗago ta dubi Inna, ta dubi tagar. Daga nan bakinta ya buɗe. Ɗiyar mutanen nan shekararta goma sha biyu. Doguwa ce, baƙa, da wushirya. Tana da tabon ƙuna a bayan hannun hagu, kunu ne ya zubo mata tana rarrafe. Ba ta cin kuɓewa. Idan ta tsorata ba ta kuka, shiru take yi tana cizon gefen mayafi. Ranar da suka fito tana sanye da atamfa ruwan ganye, kitson kanta kwana uku da yi, kuma kunnenta na dama ya taɓa yagewa an sake hudawa a sama. Na cika shafi guda ina rubuta kamannin yarinyar da muka ce ta maƙwabta ce.

"Sunan wa ta ci?" in ji Inna.

"Na uwar mai gidan."

Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya, ta ɗiyar fari da ta suruka. Jabir kuwa da aka tambaye shi, "Yaya" kawai ya sani. Inna ta ce, "Shahida, buɗe littahin nan naki ki karanta muna sunayen matan gidanmu. A hankali."

Wannan ita ce rana ta farko da littafina ya yi wa wani amfani a wajen gidanmu, kuma na so in ɓata ta. Na miƙe zaune, na gyara murya, na fara kamar mai kiran suna a aji. Inna ta taɓa ƙafata, na rage gudu. Na'ima. Ummu. Humaira. Na wuce goggonni, na shiga kakanni. A suna na goma sha tara na ce, "Safiyya," sai Saude ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Abin da ya kamata in yi shi ne in rufe littafin. Ni kuwa don in tabbatar sai na ce, "Safiyya? Safiyya ce? Inna, Safiyya ta." Sau uku, da ƙarfi, a gaban matar da ta shekara goma sha biyu tana kewaye sunan. Inna ta mintsine ni a cinya, mintsinin da na yi mako ina ganin shaidarsa.

Saura Malam Junaidu. A hanya Yaya ta tsara yadda za ta faɗa masa ba tare da ta ce ita ta yi kuskure ba. Ta gwada "an samu giɓi a bayanai", ta gwada "sabon bayani ya fito". Ta ce da ni ko za a ce hannun mai rubutu ne ya zame. Na ce mata na ja layi da rula, ba wanda zai yarda zamewa ce.

Muka same shi a ƙarƙashin rumfa yana jera takardu.

"Malam, akwai yarinyar da ba mu sa a jerin waɗanda suka ɓace ba."

"An rufe jerin. An aika."

"Na sani. Ni na yi kuskure. Uwar ta gaya mani, ban gane ba."

Ya zaro fom ɗin Saude ya duba. "An tambaye ta 'ya'ya nawa, ta ce biyu. An tambaye ta wanda ya ɓace, ga shi an rubuta babu, har da layi. Ina kuskuren? Kin bi fom. Idan na buɗe jerin nan, sai na rubuta dalili, kuma sunanki zai shiga. Kin san ni zan ba ki maki?"

"Na sani."

"To?"

Yaya ba ta karkata kai ba, ba ta haɗa yatsu ba. Ta ce, "Malam, don Allah kai ne na nawa a ɗakinku?"

Ya dube ta ta saman tabarau. "Na fari. Me ya kawo wannan?"

"Hajiya ta taɓa kiran sunanka?"

Ya ciro biro ɗaya daga aljihu, ya duba shi, ya mayar. "Mutumin Kaduna take ce mani," in ji shi. "Don na taɓa yin wata shida a Kaduna." Ya dubi takardun da ke gabansa. "Fom nawa kuka cika?"

"Tamanin da uku."

"Duk haka kuka tambaya?"

"Duk haka fom ɗin ya ce a tambaya."

Ya ɗauki waya ya kira ɓangaren Kwanni. Suka ce ba su da wata Safiyya mai shekara goma sha biyu, amma da ya faɗa musu tabon ƙunar, suka ce za su duba hannuwan yaran.

Talata muka sake bin fom tamanin da uku ɗaya bayan ɗaya, Yaya ta ce ba za ta jira a sa ta ba. Wannan karon ba ta tambayi uwa ita kaɗai ba. Takan nemi maƙwabciya ko wata tsohuwa ta zauna kusa, ta raba layin mata da na maza, tambayarta ta farko kuma ita ce, "Wa ab babba, in ban da waɗanda anka hwaɗi?" Muka samu 'ya'yan fari goma sha ɗaya da ba mu rubuta ba. Tara suna nan cikin siton, suna yawo a gabanmu kullum, ba katin abinci, ba tabarma, suna ci daga kason ƙannensu. Ɗaya daga cikinsu ma ita ke ɗebo mana ruwan alwala. Biyu sun ɓace, aka aika da sunayensu a ranar. Ɗaya an same shi daga baya. Ɗayan har yau da nake rubutun nan ba labari, kuma Yaya ba ta son a yi wasa da wannan ɓangaren.

Da la'asar waya ta zo. Akwai yarinya mai tabon ƙuna a hannun hagu, amma da aka tambaye ta suna ta ce Umma, don haka kowa ke kiranta a gida saboda sunan kakarta da ta ci. Sun ce a zo da hujja kafin Alhamis.

Laraba Yaya da Malam Junaidu suka tsallaka. Ni ban je ba, ba ni da katin aiki, abin da ya faru can daga bakinta na ji. Ta kwana tana haddace jawabi da Turanci a kan haƙƙin yaro na zama da iyayensa, tana fargabar Faransanci. Jami'in da suka samu ya saurari layi biyu, ya ce, "Madam, yi Hausa mu huta. Ke ba ɗiyar Lawwali mai albasa ba ta?" Sannan ya nuna mata matsalar. Takardar da suka zo da ita, mai tambarin ƙungiya, ta ce matar nan 'ya'yanta biyu, kuma ba wanda ya ɓace mata. Ta yaya za a ba da yarinya ga matar da takarda ta ce ba ta neman kowa?

Sai da Yaya ta zauna ta rubuta da hannunta cewa ita, Hindatu Lawwali, ita ta yi tambayar ba daidai ba, ta bayyana dalili, ta sa hannu. Jami'in ya kasa karanta rubutun, ya ce ta karanta da kanta. Ta tashi tsaye ta karanta laifinta da ƙarfi a gaban ma'aikata huɗu da jandarma ɗaya. Jandarman ya ce shi ma ɗan fari ne, ya tambaya ko a jami'ar tasu ba a koyar da wannan.

Aka kawo yarinyar. Suka tambaye ta sunan ƙauyensu, ta faɗa. Sunan ƙannenta, ta ce Jabir da Attahiru. Jami'in ya duba fom ɗin, ya ga sunayen a jere, ya ce aƙalla mai rubutun ta iya rubutu. Wannan ne kaɗai yabon da na samu a duk lamarin, kuma ba na wurin.

Bayan la'asar motar ta tsaya a bakin titin sito. An yi yayyafi, ƙasa ta yi laushi. Saude tana inda ta saba tsayawa, ba wanda ya gaya mata komi don gudun kada abin ya ƙi. Ni ina gefenta, na kasa tsayuwa wuri ɗaya. Yaya ta fito da wayarta a hannu, don Malam Junaidu ya ce ana son hoton haɗuwar a rahoto.

Yarinyar ta sauko. Doguwa, baƙa, cikin wata riga da aka ba ta can wadda ta yi mata yawa, tana cizon gefen mayafi. Jabir ya saki zanin uwarsa ya ruga ya rungume ƙafafunta.

Saude ta dube ta sau ɗaya, daga kai har ƙafa. Sannan ta kawar da kai ta dubi motar, kamar tana jiran wani ya sake fitowa. Yarinyar ta matso ta durƙusa ta gaishe ta. Saude ta amsa a taƙaice, irin amsar da ake yi wa ɗiyar maƙwabta. Yaya tana riƙe da waya, ta rasa abin da za ta ɗauka.

Ni kaɗai na yi kuka a wurin, kuma ban yi kaɗan ba. Har wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta taso ta dafa ni tana ba ni haƙuri, tana tambayar wa ya rasu.

Ina share ido na ga Saude ta kwance majanyi. Sai da ta yi sau biyu kafin ƙullin ya saki. Ta sauke Attahiru, ta juya yarinyar, ta ɗora mata shi a baya, ta ɗaure da kanta, ta ja ƙullin ta sake ja.

"Riƙe shi," ta ce, tana kallon wani wuri. "Bayana ya gaji."

Suka nufi sito, yarinyar a gaba da goyo, Jabir riƙe da rigarta, uwar a baya taku uku, idonta a kan ƙafafun ɗiyar.